Tambaya da Amsa: Mun Kashe Koyoti 11 Amma Ɓarna Ba Ta Tsaya Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni mutumin Katsina ne amma shekara uku kenan ina aiki a wata gonar tumaki a jihar Wayomin ta Amurka. Akwai wata dabba da ta addabe mu suna ce mata koyoti, kamar dila take amma ta fi shi girma, tun da tumaki suka fara haihuwa bana ba a kwana uku ba mu tsinci gawar ɗan rago ba. Mai gonar ya ɗauko mai tarko, daga lokacin sanyi zuwa yanzu an kashe guda 11 amma wallahi kamar ƙara su ake yi. Abun da ya fi ɗaure min kai shekaranjiya mun je duba tarko mun tarar an tone shi an kifar an yi kashi a kai. Dan Allah wace irin dabba ce wannan kuma ina muke kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da sa'ar nema. Na yi dariya da na zo wajen kashin nan, ka yi haƙuri, amma duk tsohon mai tarko a ƙasar da kake ya san wannan wulaƙancin, ba aljani ba ne, koyoti ne da ya taɓa shan da ƙyar a tarko ko ya shaƙi warin ƙarfe da warin hannun mutum a ƙarƙashin ƙasa, shine ya tone ya bar muku saƙo. Kuma ina kyautata zaton wanda ya yi muku wannan aikin shi ne dai mai cin 'yan ragunan naku, goma sha ɗayan da kuka kashe yawancinsu ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Bari in faɗa maka dalili. Koyoti ba haka kawai yake yawo a daji ba, namiji da mace suke haɗuwa su kama yanki su tsare shi, suna barbara tsakanin Janairu da Maris, cikin yana kwana 63 ko kusa da haka, sai mace ta haihu a rami wajen Afrilu zuwa Mayu, 'ya'ya biyar, shida, bakwai. To ka duba kalandarka, daidai lokacin da tumakinku ke haihuwa kenan. Abincinsa na yau da kullum ɓeraye ne da zomaye da mushe da 'ya'yan itace har da fara, amma in akwai baki shida a rami suna jira ɓera ba ya isa, sai uban da uwar su juyo kan garke. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a gonarsu ta gwaji da ke Hopland sun bi koyoti da na'urar wuya a shekarun 1990, suka gano yawancin tumakin da ake kashewa waɗannan manyan ma'auratan masu yanki ne ke kashe su, kuma su ne suka fi wuyar kamawa. Waɗanda ke saurin faɗawa tarko samari ne 'yan shekara ɗaya masu yawon neman wurin zama, hankali bai gama shigarsu ba. Kenan mai tarkon naku yana ta kwashe 'yan kallo, ɓarawon yana zaune yana ƙara ilimi.

An ma taɓa gwada wani abu a jihar Yuta, aka kama koyoti aka yi musu aikin hana haihuwa aka sake su, suka ci gaba da tsare yankinsu suna korar baƙi amma tunda babu 'ya'ya a rami cin raguna ya ragu sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda gizo ke saƙar.

Maganar da ka yi cewa kamar ƙara su ake yi, ba idonka ba ne, Amurka gaba ɗaya ta yi fiye da shekara 100 tana wannan mamakin. Tun 1931 suka yi doka ta musamman da ta ba gwamnatin tarayya ikon yaƙar dabbobi masu ɓarna, aka zuba guba a daji ba ƙaramin zubawa ba har sai da Shugaba Nixon ya hana amfani da ita a filayen gwamnati a 1972 saboda gaggafa da karnuka da sauran namun daji da take kashewa, ana harbi daga jirgi mai saukar ungulu, har yau wani sashe na ma'aikatar noma yana kashe sama da dubu 50 duk shekara banda na maharba da manoma, jihar Yuta a 2012 ta fara biyan dala 50 kan kowane kai. Sakamako? Dabbar da asalinta filayen ciyawa da hamadar tsakiya da yammacin nahiyar Amurka ta Arewa ne yanzu tana nan daga Alaska har Panama, kowace jiha ta Amurka akwai ta in ka cire Hawai. In aka rage su abinci sai ya wadata ga waɗanda suka saura, mace ta haifi da yawa kuma su rayu, ƙananan mata da da ba za su samu damar haihuwa ba su ma su fara, yankin da aka kashe masu shi kuwa kafin ka ce kwabo baƙi sun shigo. Wasu masana biyu a Kalifoniya sun yi lissafi a 1975 cewa sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har tsawon shekara 50 da ɗoriya kafin a ga bayansu, to wa zai iya? Kuma abun dariyar Amurkawa da kansu suka share wa koyoti hanya da suka kusa ƙarar da kyarkeci, wanda shi ne mai taka masa birki. Da aka mayar da kyarkeci dajin Yellowstone a 1995, can arewa maso yammacin jihar taku, cikin 'yan shekaru koyotin arewacin dajin suka ragu da kusan rabi ba tare da an harba harsashi ɗaya ba.

Yanzu abun yi. Kafin komai ku tabbata ma koyotin ne. Shi a maƙogwaro yake kamawa, bayan muƙamuƙi ƙasan kunne, ya riƙe har numfashi ya ɗauke, sannan ya farke ciki ya fara da hanta da kayan ciki, aikinsa tsaf. In ka ga an yayyaga cinyoyi da kunnuwa an raunata biyar an bar su ba a ci ba, ka nemi karen maƙwabta. Wani lokacin ma ɗan ragon a mace aka haife shi koyoti ya zo ya ci mushe aka ɗora masa laifi, ka duba kofaton, in bai taɓa taka ƙasa ba za ka gan shi da laushi fes.

Shi kuma tarko, masu sana'ar sukan ce hancin koyoti ake yaudara ba idonsa ba. Sabon tarko sai an dafa shi a wanke man masana'anta, a rina shi, a tsoma a kakin zuma ko makamancinsa, daga nan ba a sake taɓa shi da hannu sai da safar hannu wadda ba ta taɓa nama ko turaren jawo dabba ba, in warin abinci ya hau ƙarfen to ƙarfen zai tona. Su haƙa ɗan rami a karkace kamar inda wata dabba ta ɓoye abinci, su sa nama a ciki, su binne tarkon a gabansa, kuma nan ne yawancin sababbin hannu ke faɗuwa, dole tarkon ya zauna daram, in ya ɗan motsa ƙarƙashin ƙafarsa ko kaɗan shikenan ka buɗe masa makaranta. Wanda ya riga ya waye kamar naku ba a sake ba shi irin tarkon jiya da warin jiya a wurin jiya, akan bar masa tsohon wurin yanda yake a binne wani sabo a gefe inda yake tsayawa yana leƙe, babu nama babu komai. Kuma a riƙa dubawa, wasu jihohin doka ta ce kullum, wasu kwana uku, ni dai a ganina barin dabba a tarko tana wahala kwana uku ba hali ne mai kyau ba ko doka ta yarda.

Amma gaskiyar magana ɗan uwa, in mai gonar zai ji shawara kuɗin mai tarkon nan gara ya raba shi biyu rabi ya tafi kan tsaro. A shigo da masu ciki kusa da gida ko cikin rumfa su haihu, a kwashe mushe da mahaifa kada a bar su a fili suna kira, a sa wayar lantarki, sannan uwa uba karnukan gadi irin su Great Pyrenees ko Akbash waɗanda ake renonsu cikin tumaki tun suna 'yan kwikwiyo har su ɗauka su ma tumaki ne. A ƙaramin fili jaki ɗaya ma yana aiki, jaki ya tsani duk wani mai kama da kare, amma ɗaya fa, in ka sa biyu sai su yi abota su manta da tumaki. Kai da ka fito daga inda makiyayi ke kwana da garkensa ai ba sai an koya maka wannan ba, masu gonakin Amurka ne suka saba sakin dabba dubu a fili babu kowa. In kuma akwai koyoti a yankinku da ba sa taɓa tumaki, ku ƙyale su, su ne masu gadin da ba a biya.

Abu ɗaya na ƙarshe da ya shafe ka kai kanka, a Wayomin ba a neman lasisi don harbin koyoti, amma wannan bai wanke ka ba, dokar tarayya ta hana mafi yawan masu bizar aiki ko karatu riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa kamar lasisin farauta mai aiki. Ko mai gida ya miƙo maka kada ka karɓa sai ka tabbatar da matsayin takardunka.

TAMBAYA: Malam ni maharbi ne a ƙasar Ningi, yarona ya nuna min bidiyo a waya wani Bature ya zauna ya kunna kukan zomo sai ga dabba ta sheƙo da gudu ya harbe. Wai da gaske ne ko haɗi ne? Kuma wannan dabbar ba dilanmu ba ne?

AMSA: Baba barka da daji. Da gaske ne, sai dai ba sa nuna maka zama tara da suka yi babu ko ƙuda kafin na goman. Kukan zomon da aka kama ake kwaikwaya, da da usur na baki ake yi yanzu akwai na'ura mai lasifika, maharbi ya zauna jikin kurmi minti 15 zuwa 30 ko motsi babu, in shiru ya tashi ya canza wuri. Dabara ce irin ta burtu da kuka gada, a nuna wa dabba abun da ta saba da shi. Wahalar ita ce iska, koyoti mai hankali ba ya zuwa kai tsaye sai ya zagaya ta inda iska za ta kawo masa warin mai kukan, in ya shaƙi mutum ya tafi kuma wannan kukan ba zai sake ruɗarsa ba, don haka suke zama inda suke hango ɓangaren da iska ke kai warinsu.

Ba dila ba ne amma dangi ne na kusa, har ma wani bincike na ƙwayoyin halitta a 2015 ya nuna dilan nan mai ruwan zinariya na arewaci da yammacin Afirka ya fi kusa da kyarkeci da koyoti a kan dilan Asiya da ake haɗa su da. Nauyin koyoti daga kilo 9 zuwa 20 ne, na gabashin Amurka sun fi girma don sun gauraya da kyarkeci. Kuma yanda muke ce wa dila malamin daji, haka 'yan asalin ƙasar can suke da tatsuniyoyin koyoti birjik, shi ne Gizonsu. Naman kam galibi ba sa ci, fata ake nema, ita ma kasuwarta ta faɗi tun da kamfanin rigunan sanyi na Canada Goose ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Cikago ya ce ya ga koyoti a bakin titi da dare, hankalina ya tashi, suna cin mutane ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankali. Gaskiya ya faɗa miki, suna nan cikin birnin, tun shekarar 2000 ake bin diddiginsu a can, a 2007 ma wani koyoti ya shiga shagon sayar da abinci tsakiyar gari da rana tsaka ya samu wuri mai sanyi ya zauna har ma'aikata suka zo suka ɗauke shi. Kisan mutum da aka tabbatar sau biyu ne kacal, wata yarinya 'yar shekara 3 a Kalifoniya a 1981 da wata budurwa a wani daji a Kanada a 2009. Cizo yakan faru jefi-jefi, yawanci inda mutane suka saba ba su abinci har tsoro ya fita daga ransu. Ki ce masa kada ya ba su komai, in ya haɗu da shi kada ya gudu, ya tsaya ya ɗaga hannu ya daka masa tsawa kamar yanda zai kori karen unguwa, in kuma ya ga wanda gashinsa ya zube ko yake tangaɗi da rana ya kauce ya kira hukumar kula da dabbobi ta birnin. Sanyin Cikago na watan Janairu ya fi koyoti abun tsoro, ki tambaye shi ko ya sayi rigar kirki.