Tambaya da Amsa: Yadda Leanne Wood ta shiga majalisar yankin Wales

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce a Birtaniya akwai yankin da mata suka taɓa cike rabin majalisarsa, har wata 'yar talakawa ta shugabanci jam'iyya. Mu nan Damagaram, ko da dokar kason mata, da kyar ake sa mace inda za ta ci. Ta wace ƙofa ita ta shiga? Daga wata malamar makaranta, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yankin shi ne Wales, wanda ya samu majalisarsa a Cardiff a 1999. A zaɓen 2003 mata 30 da maza 30 suka shiga, kuma cikinsu akwai wadda kike nufi, Leanne Wood. An haife ta a 1971 a Rhondda, kwarin masu haƙar gawayi. Ta yi aikin kula da masu laifin da kotu ta sa a ƙarƙashin sa ido, ta kuma yi kansila daga 1995 zuwa 1999.

Ƙofar da ta bi ita ce jerin sunaye, kuma nan ne ya kamata ki tsaya ki duba da kyau. A wancan tsari kowane mai zaɓe ƙuri'a biyu yake jefawa. Ta farko ta ɗan takarar mazaɓarsa ce, kujeru 40. Ta biyu ta jam'iyya ce, kujeru 20, an kasa su shiyya biyar, huɗu-huɗu. Wajen rabon kujerun shiyya, ana raba ƙuri'un jam'iyya da yawan kujerun da ta riga ta ci, a ƙara ɗaya. A ce jam'iyya ta samu ƙuri'a 90,000 kuma ta ci mazaɓa takwas: a raba da tara, saura 10,000. Wata mai ƙuri'a 30,000 da ba ta ci ko ɗaya ba, 30,000 ɗinta suna nan, ita ke ɗaukar kujerar farko. Wa zai hau? Wanda sunansa ke sama. Jam'iyyar Leanne Wood, Plaid Cymru, ta sa mata a saman jeri, ita kuwa jam'iyyar Leba tun 1999 ta haɗa mazaɓu biyu-biyu, ɗaya namiji ɗaya mace.

To kin ga inda gizo ke saƙa. Mace a lamba ta huɗu an cika ƙa'ida a takarda, amma ba za ta ga kujera ba. Don haka in za a tsara jerin majalisar jiha ko ta gari, a tambayi kujeru nawa jam'iyyar ta ci a zaɓen baya, a nemi lamba a cikin wannan adadi tun kafin a kai takardu.

Tambaya: Shin wadda ta shiga ta jeri tana iya tsayawa da ƙafarta? Daga wani ɗan kasuwa, Zango.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Alhaji. A watan Maris na 2012 'yan jam'iyya suka zaɓe ta shugaba, mace ta farko, alhali harshen Wales, wanda jam'iyyar ke tinƙaho da shi, bai gama zama a bakinta ba. A 2016 ta tsaya a mahaifarta Rhondda, inda Leba ta yi kaka-gida, ta kayar da minista mai ci, Leighton Andrews. A ganinmu wannan ce babbar nasararta, domin shekara 13 da ta yi a kujerar jeri ba ta yanke hulɗa da mutanen garinsu ba. Bayan zaɓen ta yi kunnen doki da Carwyn Jones na Leba, ƙuri'un 'yan majalisa 29 da 29, wajen zaɓen shugaban gwamnatin yankin, kafin jam'iyyun biyu su sasanta Jones ya ci gaba.

Abin da ya ci ta shi ne farin jininta bai ƙara wa jam'iyyar kujeru yadda aka sa rai ba. A 2018 Adam Price ya karɓe shugabancin, ita ta zo ta uku, sannan a 2021 Leba ta ƙwace Rhondda ta hannun wata macen, Buffy Williams. Tsarin ƙuri'a biyun ma an sauya shi: dokar 2024 ta kai kujerun 96, mazaɓu 16, shida-shida, duka ta jerin jam'iyya.