Filin Tambayoyinku: Ina pg_standby ta shiga bayan na ɗora PostgreSQL 16?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kantin sarin magunguna a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, muna kuma da reshe a Daura. Rumbun bayananmu yana kan manhajar PostgreSQL siga ta 11 a babbar sabar Katsina, sai sabar ko-ta-kwana a Daura da ke karɓar fayilolin WAL, wato rajistar duk sauyin da aka yi a rumbun, ta hanyar wata ƙaramar manhaja mai suna pg_standby. Na ɗora siga ta 16 a Daura don in fara sabuntawa daga can. Yanzu babu pg_standby, sabar kuma ta ƙi tashi. Wani bayani da na samu ya ce in gyara recovery.conf, na gyara, ba ta canja zani ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, duba babbar sabar Katsina yau ɗin nan. Idan archive_command ɗinka, wato umarnin da ke kwashe fayilolin WAL da suka cika, yana tura su kai tsaye zuwa Daura kuma turawar ta tsaya, fayilolin za su taru a foldar pg_wal, kowanne megabayit 16, har faifan ya cika rumbun ya tsaya cak ana tsakiyar ciniki. Leƙa pg_stat_archiver. In adadin failed_count, wato yawan turawar da ta gaza, yana hawa, wannan za ka fara gyarawa. Sannan ka mayar da siga ta 11 a Daura ta ci gaba da aikinta, domin a halin yanzu kantinku ba shi da madogara in babbar ta faɗi.

Abin da ya hana sabar tashi ba rashin pg_standby ba ne. Sabar ko-ta-kwana irin taka tana kwafar sauye-sauyen faifan babbar ne ƙwaya-ƙwaya, kuma tsarin fayilolin bayanai da na WAL yana canjawa daga babbar siga zuwa wata. Dole lambar babbar siga ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Siga ta 16 tana buɗe fayil ɗin PG_VERSION a foldar bayanai, ta ga 11, ta ce fayilolin ba nata ba ne, ta fita. Ko kallon recovery.conf ba ta kai ga yi ba. Da ma ta kai, da nan ma ta tsaya, don tun siga ta 12, ta shekarar 2019, aka soke wannan fayil, kuma muddin yana cikin foldar sabar ba za ta tashi ba. Saitunansa sun koma postgresql.conf, sai wani fayil wanda babu komai a cikinsa, standby.signal, shi ke shaida wa sabar cewa ita ta ko-ta-kwana ce.

Ita kuwa pg_standby, ta shigo ne da siga ta 8.3 a 2008, lokacin da sabar ba ta iya jiran fayil da kanta. In ta nemi WAL na gaba ba ta samu ba, sai ta ɗauka an gama farfaɗowa ta buɗe. Aikin pg_standby shi ne ta riƙe ta, tana leƙa ma'ajiyar da ake tara fayilolin WAL duk bayan daƙiƙa 5 har fayil ya iso. Da siga ta 9.0 ta fito a 2010, sabar ta koyi wannan jira, ta kuma fara karɓar WAL kai tsaye ta hanyar sadarwa ba sai fayil ya cika ba. An bar pg_standby shekaru domin masu tsohon tsari, aka cire ta a siga ta 14 a 2021. Kada ka kwaso tsohuwar ka liƙa wa 16. Tsarin yanzu yana son restore_command, wato umarnin da ke ɗauko WAL daga ma'ajiya, ya dawo nan take in babu fayil, ita kuwa an gina ta ne don ta ƙi dawowa. Ribar daina amfani da ita ma babba ce: da tsohon tsari, in Katsina ta faɗi, duk cinikin da ke cikin fayil ɗin da bai kai ga turawa ba ya tafi.

Bayanin da ka bi ba ƙarya ba ne, na wata sigar ne, kuma a ganina nan mafi yawan masu wannan aiki suke yin tuntuɓe. Littafin jagorar PostgreSQL kowace babbar siga da nata, lambar tana cikin adireshin shafin da kuma samansa. In ka ga current a adireshin, na sabuwar siga ne, ba lallai taka ba. Ka fara tambayar sabarka da SELECT version(), sannan ka buɗe littafin wannan lambar kaɗai. Mai tsallakawa daga 11 zuwa 16 kuma sai ya karanta bayanan fitowar 12, 13, 14, 15 da 16 duka, musamman sashen da ya lissafa abubuwan da suka daina dacewa. A can za ka ga wal_keep_segments ya zama wal_keep_size a 13, trigger_file ya zama promote_trigger_file a 12, aka kuma cire shi gaba ɗaya a 16. Saiti ɗaya da sabar ba ta sani ba a postgresql.conf ya isa ya hana ta tashi.

Sabuntawar daga Katsina ake farawa, kuma ta zama dole, don an daina gyaran siga ta 11 tun Nuwamba 2023. Ɗauki cikakken kwafi da pg_dumpall ka gwada mayar da shi a wata na'ura. Gudanar da pg_upgrade, manhajar da ke mayar da rumbu sabuwar siga, tare da --check tukuna, in bai yi ƙorafi ba ka yi na gaske bayan an rufe kanti. Sabon rumbun zai zo da sabuwar lambar shaida, saboda haka tsohuwar foldar Daura ba za ta bi shi ba, sai an sake gina ta. A foldar da babu komai ka yi pg_basebackup tare da -R -X stream -C -S daura. Harafin -R zai rubuta standby.signal da primary_conninfo da kansa, -C da -S kuma su buɗe gurbin da zai sa Katsina ta riƙe WAL har Daura ta karɓa.

Wannan gurbin sai da taka-tsantsan a wurin da wuta da intanet ke ɗaukewa. In Daura ta kwana biyu a kashe, Katsina za ta yi ta tara WAL ba iyaka. Ka sa max_slot_wal_keep_size daidai da faifanka, misali gigabayit 20, wato fayiloli 1,280. In aka wuce haka gurbin ya lalace, sai ka sake gina Daura, amma hakan ya fi babbar sabar ta tsaya. Bayan an tashi, pg_is_in_recovery() a Daura ya ba da t, wato eh, pg_stat_replication a Katsina ya nuna streaming. Ranar da babbar ta faɗi, pg_ctl promote ko pg_promote() ne ke mayar da Daura babba. Ka gwada wannan a na'urar gwaji tun kafin ranar ta zo.

Tambaya: Malam, daga Daura nake. Babbar sabarmu 16.2 ce, ta ko-ta-kwana 16.4. Akwai haɗari?

Amsa: Galibi za su yi aiki, tunda daga siga ta 10 lambar bayan ɗigo ƙaramin gyara ce kawai. Tsarin naku ma shi littafin ya ba da shawara: a fara sabunta ta ko-ta-kwana, don sabuwa ta fi iya karanta WAL na tsohuwa. Amma kada a bar su haka da daɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne Linux ɗin da ke ƙarƙashinsu. A siga ta 2.28 ta glibc, ɓangaren Linux da rumbun ke dogaro da shi wajen jera haruffa, an canja yadda ake jera su, don haka in ɗaya tana kan Ubuntu 18.04 ɗaya kan 20.04, neman suna a sabar ko-ta-kwana zai iya dawowa babu sakamako alhali sunan yana ciki. Ku yi ldd --version a duka biyun, ku tabbatar lambar ɗaya ce.