Amsa ga mai gidan katakon da ke tambayar yadda zai riƙe ma'aikatansa

Assalamu alaikum. Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Ka ce ya bar maka gidan katako a nan Yamai, da injin tsaga da na goge katako, kuma tun da ka karɓi wurin tsofaffin ma'aikata sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa kake tunanin haɗa walima a ƙarshen shekara, ka raba riguna masu sunan kamfani da takardun yabo, kana tambaya ko hakan zai riƙe sauran.

Ni a cikin katako na yi furfura. Da dako na fara a kasuwar Katako, na koma kan inji, daga baya aka ɗora ni a kan ma'aikata. Amsata ita ce walimar ba laifi ba ce, amma a ƙarshe ya kamata ta zo. Wanda albashinsa ke kaiwa goma ga wata bai shigo ba, idan ka miƙa masa riga zai karɓa ya ce "mun gode, Alhaji", ya fita ya ci gaba da neman wani wurin.

Fara da ranar biya. Ka tsayar da ita, kada ta motsa ko da ɗan kwangila ya riƙe maka kuɗi. Mai gidan haya ba ya jiran ɗan kwangilarka, mai shagon unguwa ma haka. Hadisin nan da muka sani tun muna yara, a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, a gidan katako ake ganin ma'anarsa da ido, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke wuce digiri 40. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024, amma kada ka ɗauki wannan ma'auni ga mai riƙe da inji. Dokar aiki ta 2012 ta ce awa 40 a mako. Ranar da tirela ta iso da magariba aka kwana ana saukewa, a rubuta awannin, a biya su daban. "Allah ya saka" addu'a ce mai kyau, ba ta zama madadin kuɗin ba.

Akwai abin da nake zargin shi ne ya fara korar maka mutane, ka bincika. Wa ke sayar da guntayen katako da garin katako tun da Baba ya rasu? A wurare da yawa da na sani, wannan rabon yara ne. Mata masu tuya da masu abinci na sayen guntaye, masu kiwon kaji na ɗibar garin a buhu suna shimfiɗa wa kaji. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, amma da shi ake karyawa da safe, da shi ake hawa mota zuwa gida. Sabon maigida yakan zo da littafin lissafi, ya ga buhuna na fita ba rasit, ya ce daga yau a kai kuɗin ofis. Na ga wurin da aka yi haka. Babu wanda ya ce uffan, amma daga ranar aka daina share wurin da zuciya ɗaya, katakon da da ake lallaɓawa a fitar da falanki mai kyau aka koma yanka shi yadda ya zo. In kai ma ka karɓe, mayar musu, ka kuma faɗa da bakinka cewa nasu ne.

Sai maganar jiki, kuma ita ta fi damuna. Ka je ka tsaya kusa da mai tsaga na ɗan lokaci, ka ajiye waya. Tsohon hannu da kunne yake gane zarto ya dakushe: kukan injin yakan canza, katakon ya fara ƙauri, gefensa ya yi baƙi. A lokacin ne mutum ke ƙara ƙarfin turawa, a lokacin ne kuma katako ke tsalle ya dawo ko hannu ya zame. In ya ce maka a kai zarto wasawa ko a sayi sabo, kada ka ce a lallaɓa zuwa mako mai zuwa. Sauraronsa a wannan gaɓar ya fi masa kowace takardar yabo. Ka sa a mayar da murfin zarton da aka cire don sauri, a riƙa tura ƙarshen katako da sanda. Takunkumin hanci, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai tauri, duk ka saya, kuma ka sake saya idan sun mutu. Ƙurar jan katako na zama a ƙirji. Da yawa daga cikin sa'o'ina yanzu tari ne da dare, kuma sai ka ɗaga murya suke ji.

Ka yi musu rajista a asusun CNSS, wato asusun ƙasa na inshorar ma'aikata. Maigida na zuba kashi 16.40 cikin ɗari na albashin, ma'aikaci kashi 5.25, a ciki akwai haɗarin aiki da kuɗin iyali da fansho. Na san za a ce maka nauyi ne. Na taɓa raka wani yaro asibiti da hannu naɗe a rawanina, yatsu biyu sun tafi. Maigidan ya biya ɗinkin ranar, ya ba shi ɗan abin cefane, bayan wata guda ya sa wani a kan injin. Ba rajista, ba takarda, ba inda zai kai kuka. Duk wanda ke wurin ya ga abin da aka yi masa, kowa kuma ya san shi ma haka za a yi masa.

Na kuma ga akasin haka. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, iyakar Benin ma a rufe, katako ya yi wuya, injuna suka yi shiru. Wani dattijo da na sani ya tara yaransa ya buɗe musu littafi, ya ce ga abin da ya rage, cikakken albashi ba zai yiwu ba, amma ba zai sallami kowa ba. Ya riƙa ba su rabi da buhun shinkafa ana rabawa. Yau in ka je wurinsa mutanen nan ne dai a kan aiki, kuma an sha yi musu tayin albashi mai tsoka.

Ƴan dakonka da yawa ƴan ci-rani ne, daga ƙasar Tawa, Dogon Dutsi, Filinge. Ruwa na sauka hankalinsu ya koma gona. Kada ka ɗauke shi cin amana. Ka sallame su da guzuri, ka ce wurinsu na nan bayan girbi. Haka taron suna, biki da rasuwa: ka je da ƙafarka, kada ka aika direba da ambulan. Sukarin azumi da gudummawar ragon layya, in Baba yana yi, kada ka yanke ko da za ka rage. In mutum ya yi aiki mai kyau, yaba masa a gaban kafintan da ya zo saye, ka kira sunansa. In ya yi ɓarna, ja shi gefe. Mutumin da ya girme ka, wanda wataƙila ya goya ka kana yaro a wurin nan, "Baba" ko "Kawu" za ka ce masa ko da kai ke biyansa.

Waɗanda suka tafi kuwa, ka neme su. Ka samu mafi tsufa a cikinsu har gida bayan la'asar, ka tambaye shi me ya canza. Zai fara da "babu komai", ka yi haƙuri ka zauna, za ka ji. Bayan ka gyara waɗannan, ka yi walimarka, amma ka bar su su zaɓi wanda za a karrama, don sun fi ka sanin wanda ke ɗauke wa ɗan'uwansa nauyi. Ka faɗa mana mutum nawa ne ke kan albashin wata, nawa ke kan biyan yini, don tsarin rajistarsu da hutunsu sai an duba kowanne da irin yarjejeniyarsa.