Amsa kan tsofaffin kaset-kaset na Sega

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci Sega, na'urar buga gem ta talabijin, da kaset-kaset na yayanka a gidanku na Birni, kana tambaya ko za su yi kuɗi. Gaskiya yawancinsu ba za su yi ba. Tsufa kaɗai ba ya sa gem tsada. Masu tarawa suna duba abu na asali ne, wanda ba a buga da yawa ba, yana kuma cikin kwalinsa da ɗan littafinsa.

Fara da duba rubutun jikin kaset ɗin. In ka ga "999 in 1" ko makamancinsa, jabu ne, irin wanda ya cika kasuwanninmu a da, ko a kasuwar Dole ta Damagaram da ƙyar ka samu jaka biyu. Kada labarin kaset ɗin gem na Super Mario 64 da aka sayar dala miliyan 1.56 a Amurka a 2021 ya ruɗe ka, wancan ko ledarsa ba a taɓa ɓarewa ba. Mu kuwa nan Damagaram zafi da ƙura sun gama cinye takardar jikin kaset. In akwai na asali a ciki, kada ka wanke shi da ruwa, kuma kada ka yar da kwalin ko ya yage.