An taƙaita mini asusun karɓar kuɗi bisa kuskure, ina mafita?

Tambaya: Barista, ina sayar da kaya ta intanet, kuma ta wani kamfanin biyan kuɗi masu saye ke biya na. Kwana 12 ke nan da aka taƙaita asusuna, ba cirewa ba turawa. Saƙonsu ya ce wai an ga motsin da ba a saba gani ba, alhali ciniki ne kawai ya buɗe. Sau biyu na tura katin shaidata, amsa ɗaya ke dawowa. Jarina duka yana ciki. In maka su kotu ne, ko in buɗe sabon asusu?

Amsa: Malam, sannu da wannan damuwa. Kotu ba yanzu ba, sabon asusu kuwa kada ka kuskura. Kamfanonin nan na gane mutum ta wayarsa, katinsa, lambar asusun bankinsa da adireshinsa. Da zarar sun haɗa sabon da tsohon za su rufe duka biyun, kuma ka ba su hujjar karya yarjejeniya wadda a yau ba su da ita. Haka ma amfani da asusun ɗan'uwa ko na aboki: matsala za ka jawo musu.

Ka raba abu biyu a ranka. Sharuɗɗan da ka amince da su ranar buɗe asusu kwangila ce, kuma kusan kowace irinta ta bai wa kamfani damar taƙaita asusu ko rufe shi idan ya ga alamar haɗari. Saboda haka cewa "ba su da iko" hujja ce mai rauni. Amma ikon rufe asusu daban, mallakar kuɗin da ke ciki daban. Kuɗin naka ne, riƙewa suka yi, kuma riƙon yana da dalili da wa'adi. PayPal, wani kamfanin biyan kuɗi ta intanet, alal misali, sharuɗɗansa sun ba shi damar riƙe kuɗi har kwana 180. Hikimar ita ce mai saye na iya zuwa bankinsa ya ce bai ga kaya ba a dawo masa da kuɗinsa, galibi cikin kwana 120 a tsarin katunan biyan kuɗi, kuma idan ka riga ka kwashe komai, kamfanin ne zai biya. A nan ne kake da ƙarfi: ka nuna cewa haɗarin da suke tsoro babu shi.

Mafi yawan irin wannan taƙaitawa kwamfuta ce ke yin ta, ba mutum ba. Ciniki ya ninka kwatsam, kamar naka, ya isa. Haka shiga asusu daga ƙasar da ba a saba ba ko ta VPN (manhajar da ke ɓoye inda kake shiga intanet), ko yin kasuwanci da asusun da aka buɗe don amfanin kai. Akwai kuma wanda ake yawan mantawa: suna. Kamfanoni na tace sunayen abokan hulɗa da jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi, irin na Majalisar Ɗinkin Duniya da na Ma'aikatar Baitulmalin Amurka. Sunan da mutane da yawa ke amsawa, ko wanda ake rubutawa Muhammad a nan, Mohammed a can, na iya cin karo da na wani da ba ka taɓa ji ba. Ranar haihuwa da ƙasar haihuwa ne ke warware wannan.

Ina zargin katin da ka tura ma na'ura ce ta mayar da shi. Duba sunan da ke asusun da na katin da na banki: harafi ɗaya ya bambanta, ko an juya sunan mahaifi gaba, za a ƙi. Katin kada ya zama wa'adinsa ya ƙare, kusurwoyinsa huɗu su fito a hoton, ba ƙyalli, ba gyara. Takardar shaidar adireshi, kamar bayanin asusun banki, ta zama ta kwanan nan. Da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku. Tunda yawan ciniki ne ya jawo, katin shaida kaɗai ba zai amsa tambayarsu ba. Haɗa rasit ɗin da ka sayo kayan, lambobin bibiyar kayan da ka aika da shaidar sun isa, da hirarka da masu manyan oda. Komai ka tura ta cikin manhajar kamfanin. Kada ka bi mahaɗin da ya zo ta imel, domin 'yan damfara sun fi farautar wanda aka riƙe wa kuɗi, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka asusu ɓarawo ne.

Yau ɗin nan, tun kana iya shiga, sauke tarihin hada-hadarka duka, ka ɗauki hoton allon da ke nuna ragowar kuɗin da saƙon taƙaitawar, ka adana kwafin sharuɗɗan. Wani lokaci ƙofar ma rufewa take yi.

Sai ƙorafi a hukumance, wanda ya bambanta da hira da ma'aikacin taimako. Rubuta a kai ƙarara cewa wannan ƙorafi ne. Shafi ɗaya ya isa: ranar taƙaitawa, adadin kuɗin, abin da ka tura da ranakunsa. Ka nemi abu huɗu: sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, takamaiman takardar da ta rage, mutum ya sake duba hukuncin, da ranar sakin kuɗi. Ka ƙara da cewa idan akwai cinikin da suke shakka, su riƙe adadinsa kawai su saki saura. Wannan buƙata tana da wuyar ƙi. Karɓi lambar ƙorafi. Ban da zagi, ban da buɗe ƙorafi goma a kan abu ɗaya.

Za su iya ƙin faɗa maka dalili, kuma ba lallai rainin wayo ba ne. Dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram a ƙasashe da dama sun haramta wa kamfani sanar da mutum cewa an kai rahotonsa ga hukuma. Amma ka tambaye su kai tsaye ko umarnin kotu ne ko na wata hukuma ya daskarar da kuɗin. Idan haka ne, kamfanin ba ya iya saki, kotun ko hukumar da ta ba da umarnin za ka je, kuma da lauya.

Inda za ka ɗaukaka ƙorafi ya danganta da reshen kamfanin da ka ƙulla yarjejeniya da shi, kuma sunansa da ƙasarsa na rubuce a sharuɗɗan. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, kamfanin biyan kuɗi zai amsa ƙorafi cikin kwanakin aiki 15, ko 35 idan akwai uzuri na musamman. A Birtaniya kana da wata shida daga amsarsu ta ƙarshe ka kai wa Financial Ombudsman Service, hukumar da ke warware ƙorafi kan kamfanonin kuɗi, kyauta. A Amurka hukumar CFPB, mai kare masu hulɗa da kamfanonin kuɗi, na karɓar ƙorafi ta miƙa wa kamfani. A Najeriya Sashen Kare Masu Hulɗa na Babban Bankin ƙasar ne, bayan ka fara kai wa kamfanin. Idan dokar GDPR ta Turai, wato dokar kare bayanan mutane, ta shafe ka, sashe na 15 ya ba ka damar neman bayanan da suke riƙe a kanka, su amsa cikin wata ɗaya, sashe na 22 kuma ya ba ka damar neman mutum ya duba hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Wasu yarjejeniyoyin sun ɗaure ka da sasanci ta hannun mai shiga tsakani, ko da kotun wata ƙasa, kuma yawanci sun cire wa kamfani alhakin ribar da ka rasa. Ainihin kuɗinka ne abin da ka fi iya karɓowa. Diyyar asarar ciniki na buƙatar lissafi a rubuce, don haka fara ajiye shi. Kafin ƙara, wasiƙar lauya mai wa'adin kwana 14 zuwa sashen shari'a na kamfanin takan kai fayil gaban mai ikon yanke hukunci.

Kada ka manta da waɗanda suka biya ba su karɓi kaya ba. Riƙe maka kuɗi bai sauke maka alhakinsu ba. Aika musu kayansu ka adana shaida, domin kowane sabon ƙorafi daga mai saye zai ƙara wa kamfanin dalilin ci gaba da riƙon.