Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwarin Takarda da Littattafan Jabu

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga origami, fasahar ninke takarda ta mutanen Japan, musamman siffofin ƙwari da matasa ke gani a waya suna sha'awa.

Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Na ga hoton buzuzu da ƙoƙi-ƙoƙi da aka ninke da takarda guda, ba yanka ba gam. Wani mai shagon kwafi ya ce zai haɗa mini littafin koyarwa da araha, wani kuma a WhatsApp yana sayar da tarin littattafai a waya. Wanne zan saya?

Ɗana, kada ka sayi ko ɗaya. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ɓarna take yi.

Littafin origami ba da rubutu yake koyarwa ba, da zane yake koyarwa. Tsarin alamomin da ake amfani da shi a duniya ya samo asali ne daga Akira Yoshizawa, gwanin Japan da ya rasu a 2005. A tsarin nan, layi mai gutsi-gutsi yana nufin ka ninko takarda ta gabanka, layi mai gutsi da ɗigo a tsakani kuma yana nufin ka ninke ta baya. Bambancin duka a ɗan ɗigon nan yake. To kwafin da aka yi daga kwafi, da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, me yake fara cinyewa? Ɗigon. Sai ka kai mataki na sittin ka ninka gaba inda ya kamata ka ninka baya, aiki ya cije, ka zauna kana zargin kanka da rashin basira, alhali mai shago ne ya sayar maka da makahon littafi. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin yara masu hannu da yawa sun watsar da sana'ar a kan laifin da ba nasu ba.

Na WhatsApp ɗin ya fi muni. Galibi hotunan shafuka ne da aka ɗauka a karkace, wasu shafukan babu su, wasu kuma ba darasi ba ne sam, taswirar layukan ninki ce kawai wadda sai gwani ke iya karantawa. Ka tura kuɗi, ka ƙona data, ka tashi da abin da ba ya ninkuwa. Bayan haka kayan sata ne. Mutum ya shafe watanni yana zana mataki ɗaya bayan ɗaya, wani da bai taɓa ninke ko jirgin takarda ba ya zauna yana karɓar kuɗin. Kuma abin takaici, saurayin da zai ce littafin gaske ya yi tsada shi ne zai sayi jabu sau uku, ya haɗa da kuɗin bugawa da na ɗaurin bango, bai taɓa zama ya yi lissafi ba.

In da gaske kake, littafin da aka sani a wannan fanni shi ne Origami Insects and Their Kin na Robert Lang, masanin kimiyya ɗan Amurka, wanda kamfanin Dover ya buga a 1995, da zane fiye da 1500. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi karo-karo, ku ba wani amintacce mai dawowa daga waje saƙo, don kuɗin aikowa kan iya kamo kuɗin littafin. In ya iso, duba layukan da kyau a haske kafin ka yi godiya. Akwai wani nasa, Origami Design Secrets na 2003, amma wannan na mai son ƙirƙiro siffarsa ne, cike yake da lissafi. Bar shi tukuna.

Sai dai in faɗa maka gaskiya: in ba ka iya ninke tsuntsu gauraka, sanannen ninkin gargajiya na Japan, da ka ba tare da duba littafi ba, ƙwari ba naka ba ne yanzu. Da rarrafe yaro kan tashi.

Malam, ɗana mai shekara goma sha uku ya ƙwallafa rai a kan ninke takarda. Ya ƙarar da takardun gida, yanzu yana kuka sai an sayo masa ta Japan. Ina tsoron kada abin ya raba shi da karatu. (Wata uwa daga Tudun Wada)

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya raya mana shi. Yaron da zai zauna awa biyu yana bin zane a natse ba abin tsoro ba ne. Lissafi yake yi bai sani ba. Ƙwaro yana da ƙafa shida, ga fukafukai ga ƙahonni, kuma kowanne sai an ware masa rabonsa daga cikin murabba'i ɗaya. Wajen shekarun 1990 ne gwanaye a Japan da Amurka suka yi ta gasar fitar da ƙwari, suka gano cewa kowace ƙafa tana cin da'ira guda a jikin takardar, sai a jera da'irorin yadda za su shiga. Ki sa masa lokaci, bayan aikin makaranta da Islamiyya.

Yaron yana da gaskiya a abu ɗaya: takardar A4 ba ta yin ƙwaro. Ta yi kauri, kuma a jikin ƙwaro takarda kan taru ninki a kan ninki har ta ƙi lanƙwasuwa ko ta yage. Amma ba sai ta Japan ba. Ki shiga kasuwar Sabon Gari ki nemi takardar nan ruwan ƙasa marar kauri da ake yi wa littattafan makaranta bango, a yanka masa murabba'i mai faɗin santimita 40 ko fiye, kusurwa daidai. In ya ƙware, ya manna takardar tishu ta ƙunshe kyauta a kan takardar alminiyam ta kicin da gam kaɗan, masu wannan aiki da yawa da ita suke ƙwari. Ki haɗa masa da hantsaki don matse ƙafafu. Da hunturu takarda kan bushe ta riƙa tsagewa a kan layi, don haka kada ya yi ta dannawa da farce a wuri ɗaya.

Malam, ba zai fi sauƙi in yanka ƙafafun daban in manna ba? Wa zai gane?

Kowa zai gane, kai ma ka sani. Yanka ka manna abinka, ba wanda ya hana ka, amma kada ka ɗora a Facebook ka ce ninki ne.

Malam, kwana nawa zan yi in fara samun kuɗi da wannan? (Daga Kwangila)

Haba bawan Allah, ko takardar ba ka saya ba. Ƙwaro ɗaya kan ci awowi, kuma masu sayensa a garin nan ba su da yawa. In jari kake nema wa hanya, kai shi wani wurin.

Malam, ya halatta a yi siffar abu mai rai da takarda?

'Yar'uwa, na ji daɗin yadda kika damu da wannan, amma fatawa ba fagena ba ce. Zariya ba ta rasa malamai ba, ki kai wa wanda kika amince da iliminsa. Kafin nan, akwai furanni da taurari da akwatuna da siffofin lissafi, kuma alamomin da za ki koya a kansu su ne dai na sauran littattafan.