Za a iya yi wa fim kiɗa da tarkace?

Tambaya: Malam, ina haɗa wani gajeren fim a kan rayuwar makanikai, amma ba ni da kuɗin biyan mai kiɗa. Na ji an ce akwai masu yi wa fim kiɗa da ƙarar ƙarafa da injuna. Da gaske ne? Ta ina zan fara?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa, kuma abin ya daɗe. Tun a 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya naɗi sautin bikin zar, wanda ya yi kama da borin ƙasar Hausa, ya je ya jujjuya muryoyin da na'urorin gidan rediyo har suka zama wani abu dabam. A 1948 Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a Paris, ya yayyanka ta, ya jera ta kamar kiɗa.

Masu fim suka ɗauka daga nan. Ennio Morricone na Italiya ya cusa fito da ƙarar bulala cikin kiɗan finafinan kaboyi. Dario Marianelli ya mai da tafireta ganga a fim ɗin Atonement na 2007, har ya ci kyautar Oscar. Amma wadda ta fi dacewa ka yi nazarinta ita ce Hildur Guðnadóttir, 'yar ƙasar Iceland. Da aka ba ta aikin kiɗan Chernobyl, shirin talabijin na 2019 a kan haɗarin tashar nukiliya, sai ta tafi tashar nukiliya ta Ignalina a Lituweniya, inda aka ɗauki wani sashe na shirin, ta naɗo ƙugin ɗakunan injuna da ƙarar ƙofofi. Da su ta gina kiɗan. Shi ya sa mai kallo ba ya iya tantance inda ƙarar wurin ta tsaya, kiɗa ya fara.

Ka ga kenan ba kowane tarkace za ka kwasa ba. Sautin ya fito daga duniyar labarinka. Kai da fim ɗinka yake gareji, ai ka faɗo ƙasa a kan daɗi.

Je ka garejin da sassafe, kafin a tayar da janareta. Ɗaga sifana da zare, kada ka riƙe ta da hannu, domin yatsu suna kashe amon ƙarfe. Buga ta da ƙusa, ka bar amon ya mutu da kansa kafin ka tsayar da naɗin. Yi haka da rim, da tankin mai wanda ba komai a ciki, da murfin bonet. Wayarka ma ta isa, sai dai kada ka manna ta jikin abin, sautin zai fashe, kuma fasasshen sauti yana da wuyar gyaruwa.

Sai ka zuba su a kwamfuta. Manhajar Audacity ta gyaran sauti kyauta ce. Idan ka rage gudun sauti zuwa rabi, muryarsa tana yin kauri sosai, sai ka ji tankin mai ya koma kamar tambari. Yanko bugu biyu ko uku ka riƙa maimaita su, kari ya samu. Wanda ya taɓa sauraren lugude, yadda taɓare biyu ke ba juna hanya a turmi ɗaya, ya riga ya san yadda ake jera su.

Inda sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne cikawa. Sun samo sauti masu daɗi, sai su ƙi barin ko ɗaya, kiɗa ya danne maganar 'yan wasa. Ƙarar ƙarfe mai kaifi tana gogayya da muryar mutum, saboda haka idan ana magana, bar ƙugi mai kauri kaɗai a ƙasa, ka ajiye sifana sai an yi shiru. Kafin ka fitar da fim ɗin kuma, saurare shi a lasifikar waya, tunda a nan yawancin masu kallonka za su ji shi, kuma ƙaramar lasifika tana haɗiye sauti mai kauri.